Sabo turken wawa: Abin da yajin aikin kwana biyu ya tona wa fasinjojin Landan

A daren Talata, 4 ga Fabrairun 2014, ma'aikatan jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan suka fara yajin aiki na sa'o'i 48, saboda shirin hukuma na rufe ofisoshin sayar da tikiti da rage ma'aikata. Washegari mutane suka fito da sassafe kamar kullum, suka tarar da ƙofofin tashoshi a garƙame. A cikin kwanakin biyu, tashoshi 171 daga cikin 270 da birnin ke da su a lokacin sun rufe.

Mutumin da ya shekara biyar yana shiga jirgi ɗaya a tasha ɗaya, har ya san daidai inda zai tsaya ƙofar tarago ta buɗe a gabansa, ranar sai da ya tsaya ya yi tunani. Wasu suka hau bas. Wasu suka bi layin da bai tsaya ba. Wasu kuma suka sauka a tashar da ba su saba ba, suka ƙarasa wurin aiki da ƙafa suna ƙunƙuni.

Ranar Juma'a jirage suka dawo aiki, amma ba kowa ne ya koma tsohuwar hanyarsa ba.

Yawancin fasinjojin Landan a lokacin suna biyan kuɗin jirgi ne da wani kati mai suna Oyster, wanda ake ɗorawa a kan na'ura wajen shiga da wajen fita. Saboda haka kowace tafiya tana barin sawu. Wasu masana tattalin arziki uku daga jami'o'in Oxford da Cambridge, wato Shaun Larcom da Ferdinand Rauch da Tim Willems, suka karɓi bayanan tafiye-tafiye na kwanakin aiki 20, waɗanda suka haɗa da kafin yajin aikin da bayansa, ba tare da sunayen masu katunan ba. Suka kwatanta mutanen da aka rufe wa tasha da waɗanda yajin aikin bai taɓa hanyarsu ba.

Sakamakon da suka wallafa a 2017 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane 20 na waɗanda aka tilasta wa sauya hanya ya ci gaba da bin sabuwar hanyar bayan an janye yajin aikin. Dalili kuwa shi ne ta fi tsohuwar sauri, a ƙiyasin masu binciken da kimanin minti shida zuwa bakwai a kowace tafiya. Da suka yi lissafi, sai suka ga lokacin da waɗannan mutane za su riƙa tsira da shi nan gaba ya zarce lokacin da dukan fasinjoji suka yi asara a kwanakin biyu.

Hanyar da ta fi sauƙi tana nan tun da daɗewa. Babu wanda ya ɓoye ta, babu ƙarin kuɗin da ake biya a kanta. Mutanen ba su taɓa gwada ta ba ne kawai.

Taswirar da ke yaudarar ido

Masu binciken sun ɗora wani ɓangare na laifin a kan taswirar jiragen. Wani mai zane, Harry Beck, ya tsara ta, aka fara buga ta a 1933, kuma ta yi suna a duniya saboda sauƙin karantawa. Sai dai ba ta nuna ainihin nisan wurare. Tashoshin da ke kusa da juna a ƙasa suna iya fitowa nesa a takarda, na nesa kuma su matso. Tsakanin Covent Garden da Leicester Square, alal misali, bai kai mita 300 ba, amma baƙi kan biya kuɗi su gangara ƙarƙashin ƙasa su jira jirgi don tafiyar da ƙafa za ta yi cikin 'yan mintuna. Taswirar ba ta kuma nuna cewa wani layin ya fi wani gudu. A unguwannin da zanen ya fi karkata daga gaskiya, a nan aka fi samun waɗanda suka gano sabuwar hanya.

Ba sai mutum ya je Landan zai ga irin wannan ba. Akwai ɗan kasuwar da ya shekara goma yana saro kaya wurin dila ɗaya a Kantin Kwari, bai taɓa taya na layin gaba ba. Akwai ma'aikacin da ke bin titi ɗaya zuwa ofis tun kafin a gina gadojin sama a Kano, yana shan cunkoson da wata kwana ɗaya za ta raba shi da shi. Akwai manomin da ke shuka iri ɗaya a wata ɗaya kamar yadda ya tarar, alhali damina ta sauya lokacin zuwa da tafiya.

Wani lokaci akwai hujja. Dilan nan da aka daɗe da shi yana ba da kaya bashi ranar da babu, kuma wannan amana ta fi ragin naira ɗari biyu a kan turmin atamfa. Matsalar tana wajen wanda ya daina tambayar kansa ko hujjar tana nan har yanzu. Shi Bahaushe ya kira wawan da sabo ya ɗaure, turken ma ba ya ganinsa.

Kusan rabin yini ba da tunani ba

Wendy Wood, farfesa a fannin halayyar ɗan Adam wadda daga baya ta koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ta jagoranci wani bincike da aka wallafa a 2002. An ba mahalarta agogon da ke ƙara duk bayan sa'a ɗaya, su rubuta abin da suke yi a daidai lokacin da kuma abin da suke tunani. Kimanin kashi 43 cikin 100 na abubuwan da suka rubuta, ayyuka ne da suke maimaitawa kusan kullum a wuri ɗaya, kuma sau da yawa hankalinsu yana wani wajen yayin da suke yin su.

Yadda hakan ke faruwa a cikin kai, gwajin ɓeraye ne ya fara haska shi. A ɗakin binciken Ann Graybiel da ke cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, an riƙa sakin ɓeraye a wani akwati mai siffar harafin T, da cakulan a ƙarshen hannu ɗaya, ana auna motsin ƙwaƙwalwarsu. A kwanakin farko wani sashe da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwar yana aiki tun daga farkon gudu har ƙarshe, ɓeran yana shinshine-shinshine yana duba ko'ina. Da ya haddace hanya, sai aikin ya taru a wuri biyu: lokacin da aka ba da alamar farawa, da lokacin da ya isa ga cakulan. Tsakiyar tafiyar ta yi tsit.

Wannan baiwa ce babba. Ita ta sa direba ke canza giya yana hira da fasinja, tela ke taka keke yana sauraron rediyo, uwa ke tuƙa tuwo tana sa ido a kan yaro. Da a ce kowane motsi sai an yi masa shawara, da kafin azahar mutum ya gaji tilis. Abin da sabo ba ya yi shi ne duba ko abin da ke ƙarshen hanyar yana da daɗi har yanzu.

Wood da abokan aikinta, ciki har da David Neal, sun nuna haka da gugguru a 2011. Suka raba wa masu shiga gidan sinima gugguru kyauta, wasu sabo, wasu wanda ya kwana bakwai har ya yi laushi. Waɗanda ba su saba cin gugguru a sinima ba suka ɗan taɓa tsohon suka ajiye. Waɗanda suka saba kuwa, yawan da suka ci na tsohon kusan daidai yake da na sabon, duk da cewa da aka tambaye su sun ce bai yi musu daɗi ba. Da aka maimaita gwajin a wani ɗakin taro, har masu sabon suka rage cin tsohon gugguru. Kujerar sinima da duhunta ne ke tura hannu cikin leda.

A wani zagayen aka ce wasu su ci da hannun da ba su saba ci da shi ba. Wannan ɗan cikas ya isa ya farkar da su, suka lura abin da ke bakinsu ya lalace. Bahaushe dai ba zai kai loma da hagu ba, amma abin lura a nan shi ne ƙanƙantar sauyin da ya karya sabon.

Ina shekarar ta tafi?

Kusan duk wanda ya haura talatin ya taɓa cewa "jiya-jiya fa aka yi Sallah". Tun a 1890 masanin nan ɗan Amurka William James ya yi rubutu a kan yadda shekaru ke ƙara gudu idan mutum ya manyanta, ya kuma danganta abin da yadda kwanaki ke zama iri ɗaya. Bayanin da masana da dama ke bayarwa a yau bai yi nisa da nasa ba. Idan mutum ya waiwaya, yana auna tsawon lokaci ne da yawan abubuwan da ya iya tunawa, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta wahalar da kanta wajen adana abin da ta riga ta gani sau dubu.

Shi ya sa mako uku na sansanin masu yi wa ƙasa hidima ke zama a ran mutum kamar wata uku, har ya iya faɗin abin da aka ci ranar farko. Alhajin da ya je Makka sau ɗaya zai shekara ashirin yana ba da labarin kwanakin Mina dalla-dalla. Amma a tambaye shi abin da ya faru a watan Maris na shekarar da ta gabata, tsakanin gida da shago da majalisa, zai yi shiru. Watan ya wuce bai bar komai ba.

Asarar da ke nan ta fi ta minti shida a jirgi. Yaro yana girma a gaban mahaifinsa, mahaifin yana dawowa a sa'a ɗaya, ya zauna a wuri ɗaya, ya yi tambaya ɗaya, "an yi karatu?", a ba shi amsa ɗaya. Wata rana sai ya ga an kawo masa takardar shiga jami'a.

Sojojin da suka dawo daga Biyetnam

Shaida mafi ƙarfi a kan yadda wuri ke riƙe sabo ta fito ne daga yaƙi. A 1971 hankalin gwamnatin Amurka ya tashi bayan wasu 'yan majalisa biyu, Robert Steele da Morgan Murphy, sun dawo daga Biyetnam da rahoton cewa heroyin ta yi katutu a tsakanin sojoji. Tsoron shi ne dubban matasa masu horon yaƙi za su dawo gida da jarabar da aka yi imani ba ta da magani. Aka kafa dokar gwada fitsarin kowane soja kafin ya hau jirgin dawowa, wanda aka samu da ita a jikinsa sai an tsare shi ta fita tukuna.

Aka ɗora wa Lee Robins ta Jami'ar Washington da ke St. Louis aikin bin sawunsu. Ita da tawagarta suka tattauna da kusan sojoji 900 da suka dawo a watan Satumban 1971. Kimanin kashi 20 cikin 100 sun kamu da jarabar ƙwayar a can. Amma cikin waɗanda suka kamu, kimanin kashi 5 ne kawai suka sake faɗawa cikinta a shekarar farko bayan dawowa, kuma a cikin shekara uku adadin bai wuce kashi 12 ba. A wancan lokaci akasarin waɗanda ake yi wa magani a cibiyoyin Amurka suna komawa ruwa cikin 'yan watanni, don haka da farko mutane da yawa ba su yarda da alkaluman ba.

Dalilan suna da yawa. A Biyetnam ƙwayar tana da arha da ƙarfi, ana samunta a bakin sansani, ga fargabar mutuwa, ga zaman kashe wando tsakanin farmaki da farmaki, ga abokan da duk suna sha. Da sojan ya sauka a garinsu, duk waɗannan sun ɓace a rana ɗaya. Shi kuwa wanda ya koyi sha a unguwarsu, aka kai shi asibiti aka sallame shi, yana dawowa ne kan titin da ya saba saye, wurin mutanen da ya saba sha da su.

Wannan magana ta shafi gidaje da yawa a Arewa. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC ya nuna yadda ake safararsa zuwa hannun matasa. Iyaye na kashe kuɗi mai yawa su kai yaro a yi masa magani, ya dawo fes, a yi murna. Sai a mayar da shi ɗakinsa na da, lungun nan na bayan gida yana nan, majalisar tana nan, lambar dilan tana cikin wayarsa. Idan ya koma, a ce hali zanen dutse. Sauyin wuri ba ya maye gurbin likita, amma iyalin da ke da halin tura yaron wurin kawunsa a wani gari, a haɗa shi da sana'a da sababbin abokai na wasu watanni, suna da hujja mai ƙarfi ta yin hakan.

Idan dole ce ta sa

Kano ta ga nata yajin aikin jirgin. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur. Mutanen da ba su taɓa tunanin birnin zai motsa ba tare da acaɓa ba suka koma A Daidaita Sahu, kuma yau akwai matasan da ba su san Kano ta wancan zamani ba.

Na baya-bayan nan shi ne ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Mai shayi da mai nama da mai kayan miya, waɗanda a da in an ce za a tura musu kuɗi ta waya sai su girgiza kai, suka buɗe asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, suka rubuta lambar a kwali suka rataye. Takardun kuɗi sun dawo, kwalayen ba su sauka ba.

Sai dai ba daidai ba ne a mayar da waɗannan labarai abin sha'awa. Dubban 'yan acaɓa sun rasa abin yi dare ɗaya. A lokacin ƙarancin kuɗi mutane sun kwana a layin banki, manoma a ƙauye sun karyar da amfaninsu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu, masu jinya sun rasa na magani alhali kuɗinsu na cikin asusu. A Landan ma, 19 cikin 20 babu abin da suka samu sai wahalar kwana biyu. Gwajin da mutum ya zaɓa da kansa, a ranar da ya ga dama, da abin da zai iya jure asararsa, ya fi wannan arha nesa ba kusa ba. Bin wata hanya zuwa aiki ranar Asabar, ko taya kaya a shago uku kafin a koma wurin dilan da aka saba, ba zai rushe gidan kowa ba.

Abin da ke hannu yanzu

Mai karanta wannan a waya yake karantawa, kuma mai yiwuwa bai yanke shawarar ɗaukarta ba, hannu ne ya kai kansa.

Gabanin zaɓen tsakiyar wa'adi na Amurka a Nuwamban 2018, wasu masana da suka haɗa da Hunt Allcott da Matthew Gentzkow suka tattara masu amfani da Facebook 2,743. Aka zaɓi wasu daga ciki ta hanyar ƙuri'a, aka biya su dala 102 su rufe shafinsu na mako huɗu. Kowannensu ya samu rarar kimanin sa'a ɗaya a rana. Ba su kwashe ta sun kai wasu kafafen sada zumunta ba, akasin haka ma sun rage shiga su. Sun ƙara zama da iyali da abokai, sun kuma ƙara kallon talabijin. Jin daɗin rayuwarsu ya ɗan ƙaru, damuwa ta ɗan ragu, zafin ra'ayinsu na siyasa ya sassauta. Akwai kuma abin da suka rasa, domin da aka yi musu tambayoyi a kan labaran da ke faruwa, waɗanda ba su rufe ba sun fi su sani. Makonni bayan an gama gwajin, amfaninsu da manhajar ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da sauran.

Ba kowa zai iya rufe shafi na wata guda ba. Ga matar da ke tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp, wayar ce shagonta. Amma ko ita za ta iya raba lokacin ciniki da lokacin da yatsa ke ta ja sama babu abin da ake nema. Yawancin wayoyin Android suna da wani sashe mai suna Digital Wellbeing a cikin saiti, iPhone kuma tana da Screen Time, kuma dukansu suna nuna sa'o'in da kowace manhaja ta ci da adadin buɗe wayar a rana. Mutane da yawa ba su taɓa leƙa shi ba. Darasin gugguru ya nuna inda za a fara: a taɓa abin da ke tayar da sabon. Cajar da ke gefen katifa ta koma falo. A kashe ƙarar saƙonnin rukunin da ba na aiki ba. Manhajar da ta fi cin lokaci a ɗauke ta daga fuskar farko, yadda sai an neme ta.

Me ya sa azumi ke wucewa, sabo ya dawo

Duk shekara miliyoyin mutane na yin gwajin da ya fi na kowace jami'a girma. Mai shan sigarin da ke rantsuwa ba zai iya sa'a biyu babu kara ba, yana yini cur daga alfijir zuwa magariba a watan Ramadan. Lokacin barci da na ci da na hira duk suna juyewa. Mai shiga i'itikafi a goman ƙarshe ma har kasuwa da gida yake bari. Bayan Sallah da mako biyu, da yawa sun koma inda suke.

Wani bincike na Phillippa Lally da abokan aikinta a University College da ke Landan ya ba da haske a kan dalili. Mutum 96 suka zaɓi sabuwar ɗabi'a ɗaya, kamar shan ruwa bayan karin kumallo ko ɗan gudu kafin cin abincin dare, aka bi su tsawon mako 12. A matsakaici, sai da aka yi kwana 66 kafin abin ya zama jiki. Mafi sauri ya ɗauki kwana 18, mafi jinkiri kuma an ƙiyasta zai kai kwana 254. Maganar kwana 21 da masu laccar ƙarfafa gwiwa ke yawan maimaitawa ta samo asali ne daga wani likitan gyaran fuska, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa na ɗaukar aƙalla mako uku kafin su saba da sabuwar kamarsu. A hanya kalmar "aƙalla" ta faɗi.

Kwana 29 ko 30 bai kai rabin 66 ba. Ga shi kuma ranar Sallah duk abubuwan da ke tayar da tsohon sabo suna dawowa tare: shayin safe, teburin mai sigari, zaman bayan la'asar. Wanda ke son riƙe abu ɗaya daga watan, aikinsa na gaske yana cikin Shawwal da Zulƙida. Binciken ya kuma gano cewa tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba, saboda haka wanda ya zame ranar Talata ba shi da dalilin zubar da komai ranar Laraba.

Akwai kuma lokutan da ƙofar ke buɗewa da kanta. Bas Verplanken na Jami'ar Bath ya gwada wani shirin sauya ɗabi'a a kan mutum 800 a garin Peterborough na Ingila, ya tarar ya fi kama waɗanda ba su daɗe da tashi zuwa sabon gida ba, musamman a wata uku na farko. Amarya da ta tare, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗalibin da ya shiga makarantar kwana, duk suna cikin wannan ɗan taƙin, kafin sabon wuri ya kafa nasa turakun.

Malamin da ya bar Bagadaza

A 1091 waziri Nizamul Mulk ya naɗa Abu Hamid al-Gazali babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana ɗan shekara 33 ko kusa da haka. Ɗalibai kimanin 300 ke zama a gabansa, fada na neman shawararsa. Babu matsayin ilimi da ya fi wannan a daular a lokacin.

Shekara huɗu bayan haka, kamar yadda ya bayyana da kansa a littafin da ya ba da tarihin neman gaskiyarsa, ya duba koyarwar da yake yi kullum ya ga abin da ke tura shi neman suna ne da matsayi. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo, yau ya ƙudurta tafiya, gobe ya fasa. Daga ƙarshe harshensa ya ɗaure, ya zauna a gaban ɗalibai ya kasa furta kalma, abinci ma ya daina shiga. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake.

A ƙarshen 1095 ya bayyana cewa zai tafi Makka, alhali Sham ya nufa, don kada halifa da abokansa su hana shi. Ya rabar da dukiyarsa, ya bar wa iyalinsa abin da zai riƙe su, ƙaninsa Ahmad ya karɓi kujerar koyarwa. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar Masallacin Umayyawa ya rufe ƙofa ya yini shi kaɗai. Ya je Ƙudus, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim a Khalil, ya yi aikin Hajji, daga baya ya koma garinsu Ɗus a ƙasar Iran ta yau. A cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Damagaram.

Magidanci mai 'ya'ya shida da kuɗin makaranta a kansa ba zai iya kwaikwayon wannan ba, kuma shi kansa Gazali sai da ya tanadar wa iyalinsa kafin ya fita. Bai kuma tafi ke nan ba. A 1106, bayan kusan shekara 11, Fakhrul Mulk, ɗan wazirin da ya fara naɗa shi, ya matsa masa ya dawo koyarwa, ya karɓi darasi a Nizamiyya ta Naisabur. Aikin dai shi ne wanda ya bari, malami da littafi da ɗalibai, amma ya rubuta cewa niyyar da ya dawo da ita ba irin ta farko ba ce. Bayan 'yan shekaru ya sake komawa Ɗus, inda yake da 'yar makaranta da zawiya kusa da gidansa. A can ya rasu a watan Disamban 1111.